Makullin Gidan Kaka

Agadas, 9 ga Disamba, 1956

Zuwa ga Monica, sanyin idona, fitilar Sabon Gari, wadda muryarta ta fi mini ruwan randa daɗi da tsakar rana,

Gaisuwa mai yawa da bege marar iyaka. Daga garin kakannina nake rubuto miki, zan ba Goni direban lori wasiƙar ya kawo miki hannu da hannu kafin magulmatan Fagge su riga ni. Za su ce miki Agali tela ya karɓi makulli ya zauna a Agadas. Rabin maganar gaskiya ne, ki ji sauran daga bakina.

Kin san Baba ya ce ziyara za mu zo, mu ga tushenmu, sati biyu mu koma. Mun kuwa sha kallo. Na hau hasumiyar babban masallaci, ginin ƙasa mai itatuwa cako-cako a jiki, da rarrafe na kai sama, gari duka ya kwanta ja wur a ƙarƙashina. Na ga ayarin gishiri ya shigo daga Bilma, raƙuma sun fi taragun tashar Kano yawa. 'Yan uwana masu rawani har ido sai dariya suke mini, wai ƙato da ni ina yawo baki buɗe. Amma me kallo zai yi wa wanda ya baro idonsa a Kano? Duk abin da na gani sai in waiga in nuna miki, in tarar ba kya nan.

Ranar Juma'a aka kai mu gidan Kaka, wanda ya shekara ashirin a rufe. Gwaggo Tamu, yayar Baba, ta ciro wani makullin tagulla mai zane, ta miƙo mini a gaban dangi. Ni ɗan Fagge me na sani? Na ɗauka tsaraba ce. Wallahi abin da ya faɗo mini a rai shi ne kyan da zai yi a wuyanki. Na karɓa hannu biyu, sai mata suka rangaɗa guɗa. Ashe a danginmu wanda ya karɓi makullin nan ya karɓi gidan ke nan, zai gyara shi, ya zauna, ya tsufa a ciki. Baba kuwa ya sani sarai. Don haka ma aka shirya tafiyar, a sa hamada tsakanina da ke, 'yar Sylvester mai gyaran injin jirgin ƙasa.

Washegari na mayar da makullin. Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, ba a taɓa mayar da shi ba." Na ce, "Gwaggo, ki gafarce ni, yau an fara." Na ajiye shi a kan tabarmarta. Baba ya ce in na hau lori kada in sake taka zaurensa na Fagge. Maganar ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba, don ina son tsohon nan.

To amma wa ya tsaya tare da ni ranar da ruwa ya tsare mu a rumfar mai kwanuka a kasuwar Sabon Gari? Wa ta cire ɗankwalinta ta rufe kan keken ɗinkina da na ɗauko daga wurin gyara, ta bar nata kan yana jiƙewa? Ke ce, ya farin watana. Su ba ni gidan, su haɗa da hasumiyar da raƙuman Bilma duka, ba za su kai wannan ɗankwalin ba!

Takardar tafiyarmu tana hannun Baba, shi ya sa ba zan biyo Goni ba. Na nemi tawa a ofishin kumandan, Baturen da ke mulkin garin, in Allah ya yarda lorin Alhamis ta sama zai kawo ni ta Damagaram. Zan iso ba tsaraba, ba ɗakin kwana. In kina so na a haka, ki tsaya mini kamar yadda na tsaya. Kakana ɗan Agadas ne, Allah ya jiƙansa. Ni kuwa 'ya'yana a Kano za a yanke musu cibi, kuma ke za su kira Mama.

Naki ke kaɗai, har ranar da za a rufe mini ido,
Agali