Gaisuwa a Filin Golf

Garin Bowie, Asabar da dare

Na kasa barci. Yau na je kallon babbar gasar golf a filin gwamnatin nan mai wahalar tsiya, wanda ko ƙwararru sai sun yi gumi. Wani ɗan wasa ya duƙa zai buga, kowa ya yi tsit. Sai na hango Alhaji Sani, abokin Baba, a tsallake. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba: "Alhaji, ina wuni!" Har da rusunawa.

Ƙwallon ta kauce wa rami. Jama'a duk suka juyo kaina. Alhaji kuwa sai ya ƙara ɗaga wani allo da ke hannunsa, mai rubutun a yi shiru. Ashe shi aka sa ya hana surutu.

Da wane ido zan kalle shi a masallaci ran Juma'a?