Gurbin Babban Yatsa

Litinin, 4 ga Agusta

Manaja ya kira ni ofis. Duk daɗewata a wannan masana'anta ban taɓa sanin kujerarsa tana da laushi haka ba. Tun da na nutse cikinta na san akwai abin da za a ƙwace mini.

Ya ce fulogan da ke fita daga bencina sun ragu, an kuma dawo da wasu, sukurun da ke riƙe waya bai ɗauru ba. Ya ce mai gadi zai bar aiki ƙarshen wata. "Ga inuwa, ga kujera, dattijo, ka huta." In bai ga canji ba kafin wata ya ƙare, bakin ƙofa zan koma.

Na ce ranka ya daɗe, ni ko ƙofar gidana ban iya tsarewa ba, tambayi kajin maƙwabta. Ya yi dariya, na taya shi.

Bari in rubuta da manyan baƙi, don in na yi laushi gobe in ji kunyar takarda: BA ZAN YI GADI BA.

Laraba, 6 ga Agusta

Hannun dama ya sake rawarsa. Babu kiɗa, babu gayyata. Na sa masa suna Mai Rawa. In na ga mutum na tafe sai in tura shi aljihu, kamar yaron da ba ya jin magana. Shayi da hagu nake sha yanzu. Gwamnati, wato matata, ta tambayi dalili, na ce sabon salo ne na manyan mutane.

Babu wanda ya sani.

Asabar, 9 ga Agusta

'Yata ta fari tana aiki a bene, ɗakin masu zane. Ni aji huɗu na tsaya, kuma ko shi ɗin malamin ne ya gaji, ita kuwa ta karanta har ta zama injiniya. Injiniya nake kiranta, ko a gida. Ita ke sama, ni ke ƙasa, haka Allah ya jera mu.

Yau ta ajiye mini wani abu kusa da kwanon abinci. Fulogi ne, da soket ɗinsa, namiji da mace. Na juya shi gaba da baya, babu sukuru ko ɗaya. Murfin danna shi ake yi ya buɗe. A ciki wasu ƙananan harsuna ne na roba: ka ɗaga, ka zura waya, ka mayar, ya cije. In ya lalace a buɗe da yatsa, a canza ƙafar da ta ƙone, a rufe.

Na ce mata fulogin da babu ƙwarkwata ai akwatin ashana ne. Ƙwarkwata muke ce wa ƙananan sukurun nan na tagulla, don ƙanƙanta da iya ɓuya. Ni ne ma na raɗa musu sunan, shi ya sa ake kirana Sarkin Ƙwarkwata. Sai kuma 'yar cikina ta zo da juyin mulki.

Ta ce, "Baba, ba yabo nake nema ba. Ka lalata mini shi in ka iya."

In na iya. Ji mini yarinya.

Talata, 12 ga Agusta

Sukundirebata ta ɓata. Mai ƙotar itacen nan, wadda babban yatsana ya cinye wa gefe har ya yi gurbi. Ta girmi Injiniya.

Na tuhumi Dogo, abokin bencina. Ya ce ko a bola ya tsince ta sai ya nemi lada kafin ya ɗauka. Ya ara mini tasa mai ƙotar roba, santsi kamar sabulu. Mai Rawa ya ji daɗinta, har da juyi.

Alhamis, 14 ga Agusta

Na ci nasara. Na ɗaura fulogin Injiniya a ƙofar bayi, na rataya bokiti a wayar, na dinga zuba ruwa. Bokitin bai kai rabi ba wayar ta zare. Na kai mata gawar har ɗaki, ina waƙa.

Na zaci za ta ji haushi. Sai ta jawo takarda tana tambaya: ina ruwan ya kai, ta wane gefe ya fara saki, da na ɗaga harshen ya yi mini tauri? Na ce tauri kuma, ni? Ta ce to. Ta rubuta wani abu duk da haka.

Gwamnati ta ce in na sake jiƙa mata tsakar gida da ilimin kimiyya, ni da bokitin za mu kwana waje.

Litinin, 18 ga Agusta

Yadda nake aiki tun fil azal: in jera ƙwarkwata a leɓe, in zaro ɗaya ɗaya. Shi ya sa ba a jin bakina a benci, mutane suna zaton natsuwa ce.

Yau daga leɓe zuwa rami tafiyar ta yi nisa. In kawo ta bakin ramin, sai hannu ya kauce, ta faɗi. Da aka tashi na tsaya na share ƙarƙashin benci da maganaɗisu kafin mai shara ya gani. Abin da na kwaso zai cika murfin kwalba.

Laifin sukundirebar Dogo ne.

Talata, 19 ga Agusta

Ba laifinta ba ne. Amma ba zan yi gadi ba.

Juma'a, 22 ga Agusta

Injiniya ta kawo na biyu. Ta sa masa haƙora masu riƙe wayar daga wuya. Na cika bokitin taf, ƙofar bayin ce ta fara kuka, shi ko gezau. Na jefar da shi daga kan katanga. Na taka shi. Na sa keke na bi ta kansa. Ya tashi yana kallona.

Dole in faɗi gaskiya tunda babu mai karantawa: akwai dabara. Kowace waya da raminta, kuma ba za ta shiga na 'yar'uwarta ba ko ka yi mata dole. Bakin ramin a buɗe yake kamar mazurari, ko ka zo a karkace sai ya kai ka ciki. Harsunan sun ƙara faɗi. A kan murfin kuma akwai wani ɗan loɓawa inda ake dannawa, yatsa na zuwa sai ya zauna kamar an kira shi.

Na ce mata ba laifi, ga masu koyo.

Litinin, 25 ga Agusta

Na kai wa Dogo fulogin Injiniya ya gani, don mu yi dariya tare. Ya haɗa shi kafin in gama gyaran murya. Ya buɗe, ya sake haɗawa ido a rufe. Sai ya ce, "Sarki, wannan ai ko mai karkarwar hannu ya haɗa shi."

Yana faɗa sai ya sunkuyar da kai, ya kama neman filayar da ke hannunsa.

Ashe Dogo ya sani.

Laraba, 27 ga Agusta

An aike ni bene da kwalin samfur. Ban taɓa shiga ɗakin ba. Sanyi kamar cikin firji, kowa yana magana ƙasa ƙasa. Injiniya ba ta nan, aka nuna mini teburinta.

Ga sukundirebata a kwance. Kusa da ita wani curin laka mai taushi irin na masu zane, an danna ƙotar a ciki an ɗauki siffar gurbin. Kusa da shi murfin fulogi, da wannan loɓawar.

Na sa yatsa a ƙota, na sa a murfi. Ɗaya ne.

Ban san tsawon tsayuwata ba. Wani mai tabarau ya ce, "Baba, lafiya?" Na ce sanyinku ne ya kama mini ƙafa.

A gida ban jira Injiniya ta aje jaka ba. Na ce wato ni ne majinyacin da ake sassaƙa wa cokali. Na ce da ke da uwarki da Dogo kun zauna kun yi taro a kaina. Ta ce babu wani taro, kowa da idonsa ya gani. Gwamnati daga kicin ta ce, "Mutumin da ya fasa kofi uku da hagu yana zaton sirri yake yi."

Injiniya ta ce, ina tuna wannan sarai: "Baba, kai ka koya mini cewa abin da ba a iya buɗewa a gyara ba kaya ba ne, shara ce da ba ta kai bola ba. Ni dai na cire abin da ke faɗuwa ne."

Na ce a dawo mini da sukundirebata. Ta ciro ta daga jaka ta miƙo da hannu biyu. Da ma ta taho da ita, mai tabarau ya tsegunta mata.

Ban ci abinci ba. Wato ban ci a gabansu ba.

Alhamis, 28 ga Agusta

Fulogin dutsen gugar Gwamnati ya tsage. Injiniya ta ce ga nata. Na ce a gidan nan, muddin ina numfashi, ƙwarkwata ce ke mulki. Na zauna bakin ƙofa da tsohon samfur da sukundirebata ta gado, na haɗa shi a gabansu. Na ɗauki lokaci, na yi gumi, amma na haɗa. Na ɗaga shi sama kamar kofin ƙwallo.

Su gani.

Asabar, 30 ga Agusta

Da hantsi Gwamnati na guga, ina tsakar gida ina ba maƙwabci labarin yadda na kusa zama soja. Sai na ji wari. Duk mai wannan sana'a ya san shi, warin roba mai zafi da ɗan ɗaci a maƙogwaro.

Na riga kowa isa. Na kashe wuta daga babban makunni, na zare fulogin da tsumma. Gefe ɗaya ya narke, soket ya yi baƙi har bango. Hannun Gwamnati na kusa da wurin, ga labule.

Na buɗe. Ƙwarkwatar wayar wuta ce. Ta shiga, amma ba ta ɗauru ba. Na ji a hannuna ta ɗauru ranar, wallahi na ji. Hannun ne ya yi mini ƙarya.

Gwamnati ta ninke rigar da ba ta gama gogewa ba, rigar aikina ce ma. Injiniya ta tafi ɗebo ruwan da babu wanda ya nema.

Na zauna ina tunanin fulogan da aka dawo da su masana'anta. Da waɗanda ba a dawo da su ba, suna can a bangon wasu, kusa da labulen wasu.

Yau babu barkwanci. Na duba, babu.

Lahadi, 31 ga Agusta

Da sassafe, kafin su fito, na ɗauki na Injiniya daga kan taga na sa wa dutsen guga. Don kawai rigata na buƙatar guga.

Mai Rawa yana ta rawarsa, wayar ta bi mazurari ta shige. Harshen ya ce ƙas. Na ja, na sake ja. Na buɗe na duba don kada a cuce ni. Babu abin da zan ji da hannu, ido ne ke gani: in harshen ya kwanta ya kama, in bai kama ba murfin ma ba zai rufu ba.

Raini ne, a ce abu ya yi sauƙi haka.

Litinin, 1 ga Satumba

Manaja ya sauko da kansa, Injiniya na bayansa da kwali. Ya ce za a gwada sabon samfur a benci ɗaya kafin a yanke shawara, wa zai karɓa? Sannan ya dube ni ya ce, game da maganarmu ta ƙofa kuma...

Na ciro Mai Rawa daga aljihu na ɗora shi kan benci, a gaban kowa. Ya yi abinsa. Na ce ranka ya daɗe, ga ma'aikacin da ya fi kowa lalacewa a gidan nan. In fuloginku ya haɗu a hannunsa, zai haɗu a hannun kowace tsohuwa da ke son gyara na butar shayinta. In bai haɗu ba, ku kai ni ƙofa, ku kai shi bola. Ina za ku sami ma'auni irina, kuma a albashi ɗaya?

Dogo ya shaƙe da dariya. Manaja ya ce in haɗa ya gani. Na haɗa, na sake, na sake, har ya gaji da tsayuwa. Dogo ya bi su da tasta, na'urar gwajin wuta, ɗaya bayan ɗaya, duk lafiya.

Ban kalli Injiniya ba. Na ji dai tana jan hanci, wataƙila sanyin benensu ne.

An ce za a nemi mai gadi daga waje.

Litinin, 8 ga Satumba

Har yanzu ina nan kan bakana: fulogi na gaskiya da ƙwarkwata yake. Wannan na yara ne. Na kuma gaya wa Injiniya sifirin ɗin da ke riƙe fis a fuloginta ya yi tauri, ta ce in hau bene gobe in nuna musu. Zan je da rigar sanyi.

Matsala ɗaya, bakina ya zama babu aikin yi. Dogo ya kai ƙara wai tun da aka cire mini sukuru daga leɓe bai ƙara jin kunnensa ba, yana roƙon a mayar da shi gadi.

Sukundirebar na mayar wa Injiniya, tana teburinta. Ba kyauta ba ce, aro ne, ta ce za ta auna wani abu. Ban dai sa ranar karɓa ba.

Da safe na sha shayi da dama. Ya ɗan zube a tire. Gwamnati ta goge ba ta ko kalle ni ba, ta ƙara mini wani.