Jakar Igiya da Saƙon Mutane

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, manya da ƙanana. Na roƙi mai kula da zaure ya ɓoye sunana, don akwai 'ya'yan maƙwabtana a nan, na sha ganin suna tsoma baki a abin da ba su sani ba. Don Allah ku ba ni shawara, musamman waɗanda suka saba hawa jirgi da kayan aiki, amma ku daure ku karanta har ƙasa, don in kuka tsaya a sama za ku ce tsoho ne ya rasa abin yi yake rigima a kan jaka, abin da mutanen gidana suke faɗa ke nan yau kwana biyar.

Autata ta karanta ilimin duwatsu, tana aiki da wani kamfanin haƙar ma'adinai, aikin nata har da hawa dutse da igiya a ɗebo samfur. Kamfanin zai tura ta Turkiyya kwas na sati uku, an ce kowa ya zo da kayansa, igiya, ɗamarar da ake ɗaurawa a ƙugu, ƙugiyoyi, hular kwano da takalman hawa. Sai ta kawo jakar goyo biyu daga kanti, a kan ta zaɓi ɗaya ta mayar da ɗaya. Ƙaramar lita arba'in ce, mai kantin ya ce ana shiga jirgi da ita a hannu. Babbar lita saba'in, wannan sai dai a ɗora a sikeli a tura ta wurin kaya. Ni na ce ƙarama. Uwarta ta ce babba, saboda 'ya'yan ƙanwarta biyu suna karatu a can, kuma tun ranar da aka ji maganar tafiya gidana ya zama tasha, wannan ta kawo kilishi, wannan yaji, wannan kuka da daddawa, har wata da rabona da ganinta tun sunan autar ta aiko da dambun nama a robar fenti. Da na ga ana gwada tura ledar kuka a gefen igiya ban san lokacin da na daka tsawa ba, na zazzage jakar a tsakar gida. Uwar ta ce baƙin hali ne da rowar wuri, jakar ma ba ni zan goya ba. Yarinyar ta tattara kayanta ta shiga ɗaki, kuma wannan ya fi ci mini rai.

Ba su san dalili ba, don ban taɓa faɗa musu ba. Ku ne za ku fara ji.

A farkon shekarun tamanin ina aiki a Kano, a wani kamfani a Bompai da ke ƙera tankunan ruwa na ƙarfe, mu ne masu hawa. In aka sayi tanki a masaƙa a Sharada ko majema a Challawa, mu za mu hau mu ɗaure, mu ja ƙarafa, masu walda su biyo bayanmu. Wani lokaci kuma a kan dutse ake son tankin don ruwa ya gangaro gari da kansa. Wanda ya koya mini aikin mutumin Filato ne, zan kira shi Pam ko da yake ba sunansa ba ne. Ya girme ni da shekara shida, a cikin duwatsu ya tashi, in yana hawa sai ka rantse tsani ne aka kafa masa. Shi Kirista ni Musulmi, amma kwano ɗaya muke ci a wurin mai abinci a Dakata, in azumi ya zo ba ya shan ruwa a gabana ko da rana ta kai inda ta kai. Dokarsa ɗaya ce, kuma ya faɗa mini ita ya fi sau ɗari, igiyar da za ka rataya ranka a kai ba ta barin idonka. Ba a ara, ba a bayar da aro, ba a ajiye ta inda ba ka san abin da ya zuba a wurin ba. A Challawa ya nuna mini wata da ruwan jima ya taɓa, a ido lafiya lau, ya ja ta da hannu biyu ta rabu. Kullum kafin mu hau sai ya bi igiyarmu da tafin hannu daga wannan kai zuwa wancan, yana lumshe ido, ni kuwa ina tsaye ina ƙosawa.

Muna da jakarmu da wani tela a Dakata ya ɗinka mana da tamfol, Pam ne ya auna ta da kansa, igiya biyu, ɗamara biyu da ƙugiyoyi, in suka shiga ko allura ba ta samun wuri. Na taɓa tambayarsa me ya sa bai sa an ƙara mata faɗi ba, ya ce jaka in ta yi faɗi mutane ne ke cika ta.

Sai kamfani ya samu kwangilar kafa tanki a kan wani dutse a wajen Yola, aikin na gaggawa, manaja ya ce ni da Pam mu bi jirgi, sauran su taho a mota da ƙarafa. Ni a lokacin ko filin jirgi ban taɓa shiga ba. Labari ya bazu a layin masana'antu kafin tikiti ya zo hannu, kuma kun san halinmu, mutum bai san yana da dangi a Yola ba sai ya ji wani zai je. Wannan ya kawo turmin atamfa daga masaƙa a kai wa yayarsa, wannan takalman fata, mai gadinmu ya kawo katan ɗin alewa, foman ɗinmu da kansa ya kawo kilishi ƙunshi uku, wa zai ce wa foman a'a. Ni kuma ga daɗin a ce wane zai hau jirgi, duk wanda ya miƙo sai in ce ba komai, ai wuri na nan. Da kaya suka taru na koma wurin telan na sa ya ɗinka mini wata babba, har da aljihu biyu a gefe, na juye igiyoyinmu a ƙasa na danna saƙon mutane a kai. Ni ke riƙe jaka a ka'ida, don ni ne ƙarami a aikin.

Pam bai ga jakar ba sai a filin jirgi. Ya dube ta, ya dube ni, ya tambaye ni ina tamu, na ce tana gida, wannan ta fi ta kyau. Ya ce in ciro igiyoyin mu riƙe a hannu, na ce suna can ƙasa, in na fara zazzage kilishi da atamfa a gaban waɗannan masu kwat ai na zama abin kallo. Kunya na ji, kunyar banza, ita ce gaskiyar magana. Ma'aikacin jirgi ya ce wannan ba ta shiga ciki, aka ɗaura mata takarda aka tura ta wurin kaya. Muka sauka Yola kowa ya ɗauki nasa ya watse, muka tsaya har aka fara share wurin. Aka ce mana wataƙila ta wuce Legas, mu dawo jibi.

Injiniyan da ke wurin aikin bai saurare mu ba. Lokacin ana ta rage ma'aikata, kusan kowane wata sai an liƙa sunaye a bakin get, ya ce ko mu fara gobe ko ya buga waya Kano a turo wasu. Ya buɗe sito ya ba mu wata igiya da ke rataye kusa da tsofaffin baturan mota. Pam ya bi ta da tafin hannu sau biyu, bai ji komai ba, ya daɗe yana riƙe da ita. Sai ya ce shi zai fara hawa, ni in riƙe a ƙasa. Ya kai kamar tsayin bene hawa biyu ƙafarsa ta zame, abin da kan faru kullum igiya ta tare mutum, wannan karon sai na ji hannuna ya yi sakayau. Ƙugunsa ya karye, da ƙafar dama a wuri biyu.

Jakar ta iso bayan kwana huɗu, ba abin da ya taɓa ta. Abin da har yau in na tuna nake jin kamar in mari kaina shi ne, Pam yana kwance a asibiti an ɗaure masa ƙafa da ƙarfe, ni kuwa ina yawo unguwa-unguwa a Yola ina neman gidajen mutane ina raba atamfa da alewa, ana sa mini albarka, ana cewa kai ɗan amana ne.

Da muka dawo Kano aka zaunar da mu a ofis. Manaja ya tambaya yaya aka yi igiyar kamfani ta rabu da mu. Kafin in buɗe baki Pam ya ce jakarmu ta kullum muka kai, mutanen jirgi ne suka ƙi ta saboda ƙarafan ciki. Foman yana zaune, ya san kilishinsa, bai ce uffan ba. Ni ma ban ce ba, a lokacin matata tana da cikin fari. Aka mayar da Pam sito yana ba da kaya, bai sake hawa ko tsani ba, ni na ci gaba da aiki har na zama foman. Shekara arba'in da wani abu ke nan, bai taɓa tayar mini da maganar ba ko a wasa. Yana nan Kano, duk Sallah sai ya zo da sandarsa ya ci tuwo, 'ya'yana Baba Pam suke ce masa, abin da suka sani kawai igiya ce ta tsinke, ƙaddara. A wurinsa ma autar ta fara jin labarin duwatsu, shi ya sa mata son abin.

To ga inda kaina ya ƙulle. Shekaranjiya yarinyar ta same ni cikin ladabi ta ce ta bincika, yanzu ba kamar da ba ne, a wasu filayen jirgi masu bincike ba sa barin a shiga da ƙugiyoyin ƙarfe a hannu, wani wurin har igiya sukan hana, ya danganta da wanda ka tarar. Ta ce in ta dogara da ƙaramar aka tare ta a bakin shiga, ko dai a ƙwace kayan ko a tura jakar wurin kaya ba shiri, gara tun farko ta shirya babbar da kyau ta kulle. Ta ce kuma in ma jaka ta ɓace ai a can akwai igiyoyi, sai ta ara. Nan take na katse ta. Na ce mata ba za ta ara ba ko da kwas ɗin zai lalace, ta ce Baba me ya sa, na ce don na ce. Ni da kaina na san wannan ba amsa ba ce ga mai digiri biyu.

Na kawo shawarar ta ɗauki biyun, igiya da ɗamara da takalma a ƙaramar a bayanta, ƙarafa da tufafi a babbar. Uwar ta ce to shi ke nan saƙo ya samu wuri. Yarinyar ta ce ba za ta iya goya ɗaya ta ja ɗaya tana canjin jirgi ita kaɗai ba, kuma nauyin da aka yarje mata ba zai kai ba in aka haɗa da daddawar mutane. Na ce a mayar wa kowa kayansa, uwar ta ce sai dai ni in bi gida-gida in mayar, ita ba za ta zubar da mutuncinta a dangi ba saboda jaka. Irin kalmar da na faɗa wa kaina ke nan a filin jirgi waccan shekarar.

Yanzu abin da ya sa na rubuto. Jiya matata ta buga wa Pam waya ba da sanina ba, ta ce ya zo ya yi wa abokinsa magana tunda shi kaɗai nake jin maganarsa, ya zo ya raba gardama a kan jaka. Ya ce zai zo ranar Asabar. Tafiyar kuma Litinin ce.

Tambayata biyu ce. Ta farko ga masu hawa jirgi da irin waɗannan kaya a wannan zamanin, lita arba'in tana isar igiya da ɗamara da hular kwano da 'yan tufafi, kuma ana barin mutum ya shiga da igiya a hannu, ko ni ne na tsaya a zamanin da ya wuce? In akwai wata tsaka-tsaki da ba mu sani ba ku faɗa mini girmanta, gobe zan je kantin da kaina.

Ta biyun ita ce ta hana ni cin abinci. Ranar Asabar mutumin nan zai hau matakala uku na ƙofar gidana da sanda, yana hutawa a kowace ɗaya, a zaunar da shi a gaban matata da 'yata a ajiye masa jaka biyu a ce ya zaɓa. Na san shi, zai ce ƙarama, in aka tambaye shi dalili zai kawo wani abu daban, ba zai dube ni ba. Ku gaya mini, in tara su kafin ya zo in faɗa musu waye ya canza jakar, su san uban da suke da shi, ko in zauna in yi shiru, in bar gurgun da na gurgunta ya sake rufa mini asiri a cikin gidana?