Maganar da na yi a ɗakina ta shiga tsakanina da yayana

Anti Ikilima, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, abin ya fi ƙarfin tunanina, kuma duk wanda zan kai wa kuka a nan Madina ko ɗan'uwana ne ko ɗan'uwan mijina. Na sauya sunayen mutanen. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar, ban iya gajarta magana ba.

Mahaifinmu ya rasu ina ƙarama. Yaya Rilwanu ne ya riƙe ni, shi ya aurar da ni bara. Sana'arsa gyaran na'urar sanyaya ɗaki, amma da kaɗa jita aka san shi. Su biyar ne a ƙungiyarsu, bari in kira su 'Yan Ayari: mai jita, mai udu (garayar Larabawa), mai kalangu, mai ganga da mai rera waƙa. Na san akwai masu ganin kiɗa bai dace ba, har a cikin danginmu, amma ba wannan na kawo miki ba. Kiɗansu ba irin na rediyo ba ne. Idan aka gayyace su biki a istiraha, wato gidajen hutun nan na bayan gari, ko a gonakin dabino na Awali, waƙa ɗaya sai ta kusa cinye awa. Yaya zai ɗauko karin waƙar, ya sake shi, ya yi nisa har ki ce ya ɓata, mai kalangu na biye da shi yana tsokanarsa, can sai ki ji sun dawo tare, mutane su sauke numfashi. Ba su taɓa kaɗa waƙa iri ɗaya sau biyu ba. Shi ya sa masoyansu ke ɗaukar kowane wasa a waya, suna tura wa juna, suna gardamar ko na bikin Khaibar ya fi na Yanbu.

Mijina Umair ma'aikacin wani masauki ne a unguwar Anbariyya, kuma shi ke kula da zauren masoyan 'Yan Ayari a WhatsApp. Ta nan ya san Yaya, ta nan ya san ni. Ni kuwa tun ina makaranta ba na rabuwa da littattafan soyayya, sai na ɗauki aurenmu kamar labari: saurayi ya zo sauraron kiɗa ya tafi da ƙanwar makaɗin. Har na gama tsara yadda 'ya'yanmu za su taso a gindin jitar kawunsu.

Bana suka fitar da albam ɗinsu na farko, wanda aka ɗauka a sutudiyo a Jidda. Burin Yaya ne tun da daɗewa. Ya ce yana son ya bar wa 'ya'yansa abu mai tsabta, ba ɗaukar waya da ake jin ƙarar cokula da kukan jarirai a ciki ba. Har ramewa ya yi a kan aikin nan. Ya ba ni labarin yadda aka ɗauki kowannensu shi kaɗai a wani ɗan ɗaki, da abin ji a kunne, bai ko ga idon mai kalangu ba. Waƙoƙin suka fito gajeru, sumul, ba kuskure ko ɗaya.

Nan zaure ya rabu biyu. Matasan da ake yi wa Hausa su amsa da Larabci suka ce yanzu ne suka samu abin tura wa abokansu ba tare da jin kunya ba. Tsofaffin masoya suka ce an kashe 'Yan Ayari an fesa musu turare. Wani ya ce albam ɗin ya dace da ɗakin jiran likitan haƙori, wani ya mayar masa da cewa su masu son hayaniya ne, ba kiɗa ba.

Wata rana da safe ina goge wa Umair rigar aiki, albam ɗin na tashi a falo, ya tambaye ni ya na ji shi. Na ce masa, tsakanina da shi, ji na yi kamar an ba ni littafi an yage tsakiyarsa: ga haɗuwa, ga aure, amma babu wahalar da ta kai su can. Ya yi dariya ya ce na fi shi iya magana. Wallahi har daɗi na ji.

Washegari ya rubuta dogon sharhi a zauren, ya rufe shi da cewa: "Har a gidana, ƙanwar mai jitar da bakinta ta ce littafi ne da aka yage tsakiyarsa." Kafin la'asar maganar ta zama abin da kowa ke maimaitawa. Yaya ba ya cikin zauren, amma wani ya tura masa.

Ranar Juma'a muka haɗu gidan Umma cin abinci kamar kullum. Umair ya zuba gahawa ya miƙa wa Yaya. Yaya ya karɓi finjalin ya ajiye a kan darduma, bai kai baki ba. A nan idan mutum ya yi haka, cewa yake yi yana da magana, kuma ana tambayarsa mene ne. Umair ya gani ya kau da kai. Ni ina tsaye da farantin dabino ina kallonsu. Gahawar ta huce a wurin, Yaya ya tashi kafin a kawo shinkafa.

Tun daga ranar ba ya ɗaga wayata. Saƙon murya ɗaya ya turo, kuma da Larabci, mutumin da Hausa yake yi mini tun ina goye. Abu ɗaya ya tambaya: ni na faɗa, ko sa mini aka yi a baki? Har yau ban amsa ba. Matarsa Munirat ta ce in ce Umair ne ya ƙirƙira, ai maza sun fi saurin shiryawa. Umma ma can ta karkata. Idan na yi haka na mai da mijina maƙaryaci, kuma na san Yaya, ba zai ƙara zama inuwa ɗaya da shi ba. Idan na ce ni ce, ban san da wane ido zan kalli mutumin da ya zame mini uba ba. Umair kuwa cewa yake bai ga laifinsa ba, gaskiya ce, yabona ma ya yi, kuma masoyi na ainihi ba ya tafa wa abin da bai yi masa ba. Ban fito na ce masa ya ɓata mini rai ba. Na dai rage fara'a ina jiran ya gane da kansa, amma shi tambayata yake ko kaina ke ciwo.

Anti, me zan ce wa Yaya?

Mai kuka a ɓoye, Madina.

*

Wa alaikumus salam, 'yata.

Ki faɗa wa yayanki gaskiya: ke kika faɗa. Munirat da Umma sulhu suke nema, Allah ya saka musu, amma hanyar da suka nuna miki ba ta ɓullewa. Maganar littafi ce, kuma yayanki ya san wace ce mai karatun littattafai a gidanku. Ina kyautata zaton ya riga ya san amsar, yana son ya ga ko za ki dube shi ki faɗa. Shirunki na ƙara masa ciwo fiye da maganar kanta.

Amma ki fara da mijinki, kuma yau. Ki daina jira ya karanta fuskarki. Mazan da ke cikin littattafanki marubuci ne ke raɗa musu abin da ke zuciyar mace, naki ba mai raɗa masa sai ke. Ki zaunar da shi ki raba masa abu biyu da ya haɗe. Ra'ayinsa a kan albam haƙƙinsa ne, kada ki nemi ya janye, kuma na yarda ƙauna ce ta sa shi zafi. Amma maganar da mace ta yi wa mijinta a ɗaki amana ce. Ya ɗauke ta ba da izininki ba, ya kai ta gaban jama'a, ya jingina ta da 'yan'uwantakarki don hujjarsa ta yi nauyi. Wannan shi ne laifin, ko da maganar gaskiya ce. A zaure ya yi, don haka a zaure zai gyara: layi biyu sun isa, ya ce ya yi kuskuren sako iyalinsa a gardamar masoya, ya roƙi a daina yawo da maganar. Sannan ya taka ya je wurin surukinsa ya yi masa tambayar da ya ƙi yi ranar Juma'a.

Yayanki ma yana da nasa. Wanda ya fitar da aiki kasuwa dole ya ji mai yabo da mai kushe, kuma fushi da ƙanwa ba zai ƙara wa waƙa tsawo ba. Sai dai kada ki je masa da wannan. Mutum ne da ya zuba ƙarfinsa a kan abu, ya ji hukuncinsa daga bakin bare ɗauke da sunan wadda ya riƙe tun tana ƙarama.

Ki je gidansa da ƙafarki, kada ki tura saƙo, kada ki tafi da Umair. Ki yi masa Hausa ko da ya amsa da Larabci. Ki ce kin faɗa, ba ki faɗa don duniya ta ji ba, kuma kin yi kuskure da ba shi kika fara gaya wa ba. Sannan ki ƙarasa maganar, domin rabinta aka kai masa. Abin da kika rasa a albam ɗin shi ne shi kansa: yadda yake yin nisa ya dawo. Yadda kika kwatanta mini kiɗansa a wasiƙar nan, ban taɓa jin sa ba amma sai da na so in ji. Kin taɓa faɗa masa haka? Kafin ki je, ki sake sauraron albam ɗin ke kaɗai, ba da kunnen zaure ba. Idan akwai waƙar da ta taɓa ki, ki ambata masa ita. Idan babu, kada ki ƙirƙira.

Zai yiwu ya yi shiru, ko ya faɗi mai zafi. Ki zauna ki ji, kada ki tashi da wuri, kada kuma ki sa ran komai zai warware a zama ɗaya. Mutumin da ya yi fushi ya yanke zumunci ba ya turo tambaya. Naki ya turo, yana jiran amsa.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya albarkaci aurenki, ya bar ki da yayanki.

Anti Ikilima