Tiyarki da Wayar Baba

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ɗiya ke yi wa mahaifiyarta, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Mu nan lafiya, sai Baba da ya so ya tsinka mini zuciya. Maganarsa ce ta zaunar da ni rubutun nan.

Kin san hawan jininsa. Ke ce mai ajiye ƙwayar a gefen kofin koko, ki tsaya a kansa sai ya haɗiye. Bayan rasuwarki na ɗauka ya ci gaba da sha. Ranar Juma'a na taso daga Kambarawa na je gida Ƙofar Guga, ina share masa ɗaki, sai ga maganin wata biyu a bayan akwati, ko ɓarewa ba a yi ba.

Ashe wata manhaja ce Malam Sada, abokin hirarsa, ya saka masa a waya. Mutum ya ɗora yatsa a kan kyamara, ta nuna kore, wata murya mai ladabi ta ce jininka lafiya lau, Allah ya ƙara lafiya. Kullum haka take faɗa. Baba ya ce to mai lahiya mi zai yi da magani?

Kin san ni da baki, Inna, saura kaɗan in yi abin kunya. Sai na tuna tiyarki, wadda kike ƙunshewa a mayafi in za mu sayen gero. Mai hatsi ya gama awo da rantse-rantse, ki fito da ita ki ce, "Mu gwada da tawa, Malam, ba gardama ba ce." A lokacin ji nake kamar in nutse, yau kuwa ni ce na gaje ki.

Na ɗora yatsana, kore. Na shiga madafa na ɗauko tumatir na manna wa kyamarar. Inna, tumatir ma jininsa lafiya lau, har addu'a aka yi masa! Daga nan na ja Baba asibiti, nas ta ɗaura masa abin awo a dantse. Da ta ga abin da ya nuna, sai ta bar wasan da take yi masa, ta kira likita.

Muka kamo hanya muka dawo gida. Sai da muka zauna a zaure ya ce, "Murja, na san wayar nan ba likita ba ce. Amma tun da innarki ta tahi, ita kaɗai ka ce mini lahiya lau da sahe." Na yi kuka, Inna, na kuma ji kunya, don sati guda nakan yi ban kira shi ba.

Ban ƙwace wayar ba, ya riga ya saba da ita. Wata manhajar na shiga nema masa, kuma duk wadda na samu sai ta sha tambaya kamar mai neman aure. Wa ya yi ta, kuma ina za a same shi? Me ya haɗa ta da hotunan Baba da lambobin abokansa? Wadda ta fara tallar maganin da ke warkar da komai, nan take na goge ta. Uku na kora. Ta huɗun ba ta duba, ba ta daɗin baki: tunatarwa kawai take yi idan lokacin magani ya yi, ta ajiye lambar da abin awo na gaskiya ya nuna. Ita ma ban yarda da ita ba sai da na kai wa nas ɗin ta gani. Gidan Malam Sada kuwa gobe zan je, da tumatirina, don shi ma yana da ciwon.

Maganin Baba yanzu a cikin tiyarki yake, a gefen kofin koko. Jiya ya daɗe yana kallonta kafin ya haɗiye. Tunatarwa na bar wa manhaja, amma gaisuwar safe tawa ce, ba zan sake barin waya ta riga ni ba.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya bar mana Baba ya daɗe. Amin.

Taki mai baki,
Murja