Salwar Shalele

Maman Shalele,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Yaya da maigidanta da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Tunda kin daina ɗaga wayata, ga shi na koma ɗan makaranta, har biro na ara wurin mai shagon ƙasa. Direban bas ɗin da ke bi ta unguwarku zai miƙa miki. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun da ya saba da zarto ne.

Maganar salwar Shalele ce. Tun da Allah ya karɓi 'yarmu kika koma gidan Yaya, ni nake ba su abinci, amma sun ƙi hannuna, sai mutuwa suke ɗaya bayan ɗaya. Saura mata huɗu da namijin nan mai shegen baki. Ƙwansu na tara a kwandon da ke kan tagarta, na kasa soyawa, na kasa zubarwa. Jiya na ciro akwatin ƙyanƙyasar da na haɗa mata, na sa masa sabon ƙwan lantarki, ya kama. Sai na tsaya a kansa sororo. Ni katako kawai na yanka, sauran ke da ita kuka sani. Salwa kuwa kin san halinta, ta saka ƙwai ta tsallake abinta, ko waiwaye babu.

Ki gaya min yadda ake yi. In kuma kin ga zuwa ya fi rubutu sauƙi, to ki zo. Ina kewarki, ba zan ɓoye ba. Gidan nan ya yi min girma.

Naki,
Baban Shalele

*

Baban Shalele,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso. Yaya tana amsawa.

Ka zaɓi ƙwan da bai wuce sati ba, marar tsaga, kuma kada ka wanke shi. Ka yi wa kowanne alama da fensir a gefe ɗaya don ka san wanda ka juya. Ka riƙa juyawa safe, rana da yamma. Ka ajiye ɗan kwano da ruwa a ciki. Ranar da ka fara jin kukansu daga cikin ɓawo, ka daina juyawa, ka rufe akwatin, kada ka buɗe ko me ka gani. Na san ka, ba ka iya ganin abu yana wahala ka ƙyale. Wannan karon ka zuba hannunka a aljihu.

Maganar zuwa kuwa, ka bar ta. Ba fushi nake da kai ba, ba ka yi min komai ba. Kukan namijin nan ne. Duk sanda ya yi, sai in ji kamar Shalele ta fito baranda tana cewa, "Mama, ji ɗan rainin hankalin nan, yanzu fa na ba shi abinci!" In juya, babu kowa. Ba zan iya zama a gidan da ake wannan kukan ba. Wallahi ba zan iya ba.

Ka riƙa cin abinci. Direban ya ce ka rame.

Maman Shalele

*

Maman Shalele,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Sun fito. Da kin gan su, kowanne bai kai babban yatsana ba, amma daga bushewa sai gudu, kamar an aike su. Na yi dariya ni kaɗai a ɗakin, abin da na manta yadda ake yi.

Sai dai ban ji maganarki ba. Akwai ɗaya da ya huda ɓawon ya fito da baki, tun safe yana haki, har na dawo daga shago da azahar yana nan. Na sa hannuna a aljihu kamar yadda kika ce. Sai na tuna haka na tsaya a bakin gadonta a asibiti, hannu a aljihu, ina kallon ƙirjinta yana ɗagawa. Ban san sanda na buɗe akwatin ba. Na ɗauko shi na ɓare da farce, sai ga jini. A tafin hannuna ya mutu. Iskar da na shigar kuma ta busar da waɗanda ba su gama fitowa ba, suka maƙale a ciki.

Bakwai suka rage. Suna cikin kwali ƙarƙashin fitila, a gefen gadonta. Ina tsoron taɓa su yanzu. Abin da ta bari ke nan a duniya mai numfashi, kuma a hannun wanda bai iya ba.

Ki yafe min.

Naki,
Baban Shalele

*

Baban Shalele,

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ba ka amsa ba, don duk na ɗauki biro sai kuka. Babu abin yafewa. Da ni ce a wurin, da na riga ka buɗewa.

Yau ina wanke-wanke na tuna ban gaya maka maganar ruwa ba, har kofin Yaya na fasa. Ko ruwan murfin kwalba ne yana cinye su. Ka zuba tsakuwa a cikin abin shansu, su sha ta tsakani. Ka shimfiɗa musu tsohon tawul, kada ka sa jarida, santsinta yana karya musu ƙafa. Abincin kuma ka daka shi ya yi laushi.

Kai, ba za ka iya ba. Bari kawai in zo. Jibi ina tafe. Namijin ya yi ta kukansa, zan jure. Ina so in ga jikokin nan nata.

Maman Shalele

*

Maman Shalele,

Direba ya miƙo min takardarki bayan na dawo daga kasuwar tsuntsaye, hannuna wayam.

Da na ji ki shiru, sai na ce a raina na rasa 'ya, ba zan rasa uwarta saboda kukan tsuntsu ba. Na kwashe su duka, manya da ƙanana, da kejin da akwatin, na ba wani mutum da na ga yana loda kaji a bayan mota. Kyauta na ba shi, ko sunansa ban tambaya ba, don kada zuciyata ta kai ni neman su. Na dawo na wanke ɗakin da barandar.

Ina gama karanta takardarki na koma da gudu. Ya tafi. Masu rumfunan suka ce baƙo ne, ba su san daga ina yake ba. Na zagaya kasuwar har aka fara rufewa.

Don Allah ki zo duk da haka.

Naki,
Baban Shalele

*

Baban Shalele,

Salama. Na zo kana shago, shi ya sa na bar maka wannan a kan tebur. Abinci yana cikin kula.

Don ni ka yi, na sani. Shi ya sa na rasa wanda zan yi fushi da shi. Na zauna a ɗakinta har la'asar, na ga ba zan iya kwana ba. Zan koma wurin Yaya. Kada ka biyo ni tukuna.

Na leƙa ƙarƙashin gado, na duba bayan taga da lungun baranda, ko gashin tsuntsu ɗaya in samu in tafi da shi. Babu. Duk zamanmu ina fama da kai ka koyi shara, sai yau ka iya.

Allah ya ba mu haƙuri.

Maman Shalele