Alwalar Baba tana nan

Yaya, sannu da hanya.

Ban iya jiran isowarki ba, na koma asibiti. Jiya aka yi wa Baba aikin, ya tashi lafiya.

Ashe ba basir ba ne. Tsagewa ce a dubura ta ƙi warkewa, ita ke sa jinin da zugin nan. Da farko Baba ya tubure. Ya ce in aka taɓa naman da ke riƙe bayan gida, alwala ba za ta ƙara zama masa ba, gara ciwon. Ni kunya ta sa na sunkuyar da kai. Likitan ko murmushi bai yi ba. Ya sa aka auna ƙarfin naman da na'ura, ya nuna masa cewa matsewa ya yi fiye da kima, kaɗan za a sassauta. Ya ce, "Baba, alwalarka na wuyana." Mutumin nan ya san aikinsa, ya kuma san dattijo.

Ki wanke babbar robar nan, zai riƙa zama a ruwan ɗumi. Kuma don Allah kada ki tambaye shi inda aka yi aikin.

Yau da alwalar azahar ya yi la'asar. Har mai shara sai da ya gaya wa.

Ƙaninki